Sai Ummaru Ya Rama

Litinin, 7 ga Nuwamba 1955, da hantsi

An sa rana. Sanƙira ya bi gari da safen nan yana shela: Juma'ar ƙarshen wata, bayan la'asar, Lawali na Ɗan Barto da Ummaru na Tsauni za su kama kokowa a filin bayan kasuwa. Ina kan mashin ina haɗa wuyan riga na ji, sai da allura ta soke ni a yatsa.

Da can in aka yi wannan shela, kafin sanƙira ya kai ƙofar masallaci Inusa ya iso rumfata. Ba sallama, ba gaisuwa, zai zauna kan buhun ƙyallaye ya ce in fara kiwon zakara. Yau na yi ta ɗaga kai duk sanda inuwa ta gifta.

Ban gaya wa Ladi ba. Ai ba kurma ba ce.

Talata, 8, bayan azahar

Don awon mutane na sayi wannan kaye, littafin rubutu, ga shi ina zuba masa abin da ba awo ba. Ɗan bokon da na kwaso a makarantar lakwal ta Damagaram bai taɓa yi mini wata rana ba sai yanzu da na rasa abokin hira.

Inusa aminina ne tun muna kiwon awaki, daga baya ya auri ƙanwata Ladi. Komai namu ɗaya ban da kokowa. Ni na Lawali ne, duk Matameye ta san Sallau tela da wannan. Shi na Ummaru ne, har cikin ƙashinsa. Duk kaka in an gama yankan gero mutanen nan biyu sukan kama, mu kuma mu sa fare: zakara ɗaya. Wanda gwaninsa ya faɗi shi ke kawowa, a yanka, Ladi ta dafa, mu ci a kwano ɗaya, wanda ya ci fare yana cika baki, wanda aka cinye yana cika ciki. Malam Hamisu ya sha gaya mana caca ce. Mukan ce masa miya ce, mu aika masa da cinya.

Bara ne abin ya wuce zakara. Na sayi mashin sabuwa, kaina ya ɗan yi zafi, na ce gaban mutane in Lawali ya faɗi mashin ta zama ta Inusa. Aka yi shewa. Sai wani ya tambaye shi, shi fa, me yake da shi a duniya da zai ajiye kusa da mashin? Ba sai na rubuta sunan wanin ba. Aka yi dariya, dariya mai tsawo. Inusa ya miƙe ya rantse, ya ce shi kansa ya ajiye: in Ummaru ya faɗi, ba zai ƙara kwana a Matameye ba sai Ummaru ya rama.

Ummaru ya faɗi. Kafin dare Inusa ya hau kamyo, babbar motar gyaɗa, zuwa Kano, muka ce ai cin rani ne, kowa ma zai tafi. Ruwa ya sauka, kowa ya dawo, ban da shi.

Laraba, 9, da safe

Wasa ne fa. Kowa ya san wasa ne.

Laraba, bayan la'asar

Na kai wa Ladi damman geronsu. Ni na nome gonar bana, ni da ɗan abin da bayana ya iya, kuma ba laifi, ta ba da. Na tarar ta zaunar da Isufu a tabarma tana tallafe shi da zane. Yaron da aka haifa ubansa ba ya gari, ni na riƙe ragon suna. Goshin Inusa ne sak, har da yadda yake haɗe gira in an taɓa shi.

Ta ce, "Yaya, an ce an sa rana."

Na ce an sa. Ta tambaya ko Ummaru na da lafiya bana. Ladi da ba ta san bambancin ɗan kokowa da ɗan dako ba, yau ita ke tambayar lafiyar Ummaru. Na ce garau yake, ko da yake ban sani ba.

Juma'a, 11, bayan sallah

Kasuwa ta cika, zance ɗaya ne a kowace rumfa. Mahauta na Ummaru ne, 'yan goro na Lawali. Mutane na ta tsayawa wurina don su ji na soma, don sun saba in aka taɓo Lawali ba na shiru sai an kira sallah. Na ce ciwon haƙori nake yi.

To amma a nan zan faɗa, tunda takarda ba ta da baki. Ban taɓa ganin ɗan kokowa irin Lawali ba. Ba shi da jiki, in ka gan shi a hanya ka ce mai sayar da fura ne. Amma in ya duƙa ya shafo ƙasa ya murza a tafin hannunsa, sai ka ga mutum ya canza. Ba ya kama mutum, jira yake mutum ya kawo kansa. Ummaru kuwa rumbu ne aka yi wa ƙafafu. In ya sa maka hannu a ƙugu sai dai ka yi salati. Inusa yakan ce Lawali ɓarawon kaye ne, ni in ce Ummaru ɗan dako ne da ya ɓata hanya. Gaskiyar da ba mu taɓa faɗa wa juna ba ita ce, in Lawali ya kama da wani ba Ummaru ba, ni kaina hamma nake yi.

Ina kewar musun nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Akwai abubuwan da na tanada tun bara da zan gaya masa a kan ƙafar hagun Ummaru, suna nan sun taru a ƙirjina.

Asabar, 12, da hantsi

Na je wurin Malam Hamisu, karo na ban san nawa ba. Ya maimaita abin da ya faɗa tun farkon damina: rantsuwa irin wannan kaffara take so, a ciyar da miskinai ko a yi azumi, shi ke nan, mutum ya koma ɗakinsa. Ya ce zaman da Inusa yake yi nesa da iyalinsa ya fi karya rantsuwar nauyi. Na ce Malam, an kai masa wannan saƙon tun tuni. Ya dube ni ya ce to ashe ba da Allah yake rigima ba.

Haka ne. Da Cha'ibu makaɗi yake rigima, da 'yan matan bakin rijiya. Ranar da Ummaru ya faɗi, tun ƙura ba ta kwanta ba Cha'ibu ya sa abin a ganga:

"Inusa, tabarmarka na nan,
Inusa, tuwonka na nan,
A jira Ummaru ya tashi."

Da wannan ake daka yanzu a Matameye. Da wane ido mutum zai sauko daga kamyo ana rera masa wannan?

Lahadi, 13, da la'asar

Na ɗinka wa Cha'ibu taguwa kyauta, na kai masa har gida, na roƙe shi ya bar waƙar. Ya karɓi taguwar, ya gwada, ya yaba wuyan. Sannan ya ce shi ya daina tun da daɗewa, amma waƙa ba akuya ba ce da zai je ya kamo ta ya ɗaure. Ya ce abu ɗaya ke kashe waƙa, wata waƙar, kuma ya riga ya shirya ta komowar Inusa, tana nan a bakinsa, Ummaru kawai yake jira.

Na so in karɓe taguwata.

Talata, 15, da safe

Kamyo ya iso daga Kano. Babu.

Talata, bayan azahar

Shofer ɗin da ya tuƙo kamyon ya neme ni. Ya ga Inusa a Fagge yana ga-ruwa, ya ce ya rame amma bakin na nan. Ya ba da turmin atamfa a kawo wa Ladi da 'yar hula ta yaro. Hular ta yi wa Isufu kaɗan, don uban bai san girman kan ɗansa ba.

Na tambaya ko ya ba da saƙo gare ni. Shofer ya ce e, ya ce a gaya wa Sallau ya shafa wa mashin mai, yana nan zuwa ɗaukar kayansa.

Na yi dariya har hawaye suka zubo, shofer ya tsaya yana kallona. Wallahi da yanzu zai shigo, da ni zan ɗora masa ita a ka.

Alhamis, 17, da almuru

Na rufe rumfa na tafi Tsauni a kan jakin maƙwabcina. Na ce wa mutane awo zan ɗauko. Ni da na yi shekaru ina zagin mutumin nan a kasuwa, yau ga ni a ƙofar gidansa ina sallama.

Na same shi yana ɗaurin darni. Daga nesa Ummaru ne, daga kusa furfura ta fito masa a gemu. Da ya zo zama sai da ya dafa ƙasa, ya miƙe ƙafar dama a hankali. Gwiwar a kumbure take, an yi mata tsaga an shafa magani. Ya ga inda idona ya sauka, ya ja riga ya rufe.

Ya san ni, ya kuma san abin da ya kawo ni. Ya ce tun bara duk inda ya shiga sai an ce masa akwai wata mata a Matameye da goyo tana jiransa. Ya ce shi kokowa ya sani, da mutum ɗaya yake kamawa, bai taɓa shiga fili da gidan wani a wuyansa ba. Bai faɗa da faɗa ba. Matarsa ta kawo fura, muka sha.

Da zan tafi na ce Allah ya ba da sa'a. Ya yi murmushi ya ce, "Daga bakin mutumin Lawali? To amin."

Duk hanya gwiwar nan nake gani.

Juma'a, 18, da hantsi

Ladi ta tambaya. Na ce garau yake.

Asabar, 19, bayan la'asar

Wani tunani ya shige ni tun jiya, ba zan rubuta shi ba. Na yanka wa Alhajin gyaɗa hannun riga biyu duk na dama.

Litinin, 21, da almuru

Duk shekara nakan ɗinka wa Lawali wando in kai masa Ɗan Barto kafin kokowa, ba ya biya, ba na so. Yau na kai. Na tarar da shi a bayan gida yana ɗaga turmi yana direwa, jikinsa na sheƙi. Allah ya gafarta mini, da na gan shi haka sai da zuciyata ta yi fari, kafin na tuna.

Muka zauna gindin itacen bedi. Na yi zancen gero, na yi zancen 'yan duwan, masu tsaron kan iyaka, da suka matsa wa masu shigo da atamfa, na yi zancen farashin gyaɗa. Bakina ya kai bakin maganar ya dawo, ya kai ya dawo. Lawali na ta juya wandon a hannu. Can ya ce in daina wahalar da kaina.

Ya ce, "Sallau, na san abin da ke bakinka, kada ka fito da shi, don mu ci gaba da gaisawa. In na kwanta da gangan, wa kake jin zai fara ganewa? Duk filin nan babu mai idon Inusa. Kai kana kallona ne don kana sona. Shi yana kallona ne don ya kama ni."

Ya ce kuma Ummaru bai ci wannan wulakanci daga gare shi ba. Tun suna samari suke kamawa, ya kayar, an kayar da shi, bai taɓa ba shi rabin ƙarfinsa ba, ba zai fara yau da mutumin ya manyanta ba. Ya rako ni har bakin hanya, ya ce in gaida Ladi.

Na dawo ina jin haushinsa, ina kuma ƙara sonsa. Ban san inda zan ajiye abin ba.

Talata, 22, da safe

Babu.

Laraba, 23, bayan azahar

Na soma yi wa Ummaru addu'a bayan kowace sallah. Da farko sunan ya ƙi fita, sai da na ce "mutumin Tsauni". Na ba da sadakar ƙosai da niyyar gwiwarsa. Da 'yan goro za su ji, da na bar garin nan ni ma.

Ladi ta share ɗaki, ta yi sabon daɓe, ta wanke tabarmar da ke jingine tun bara ta shanya. Na wuce na yi kamar ban gani ba.

Alhamis, 24, da la'asar

Baƙi sun fara sauka, daga Kance, daga Tsauni, har daga ƙetaren iyaka. Ganguna tun azahar. Na kasa ɗinki, na kasa zama.

Ya Allah, sau ɗaya. Gwiwar Lawali kawai ta taɓa ƙasa. Ba sai ya ji ciwo ba.

Juma'a, 25, da hantsi

Ya zo.

Ya sauko daga kamyo da 'yar jaka, ya ce kwana ya rantse a kai, bai rantse a kan wuni ba. Ya rame ƙwarai, kafaɗunsa sun yi kanta saboda sandar ruwa. Na riƙe hannunsa na kasa saki. Abin da ya fara ce mini shi ne na yi tumbi, zaman mashin ɗinsa ya karɓe ni.

Yana gida yanzu. Na ba su wuri. Daga rumfa ina jiyo Isufu yana tsala kuka, bai san shi ba.

Asabar, 26, da hantsi

Zan rubuta yadda aka yi, ko na huta.

Mun shimfiɗa tabarma inda muka saba, gefen masu ganga. Mutane na ta leƙen Inusa, ba wanda ya yi waƙar, Cha'ibu ma ya sunkuyar da kai da ya gan shi. Ƙanana suka kama suka gama. Duk wannan lokaci muna musu, ni da shi, kamar jiya muka rabu. Na zazzage masa duk abin da na tara a kan ƙafar hagun Ummaru, ya ce tela me ya sani ban da ƙafar wando. Rabona da jin daɗi irin wannan tun bara.

Sai suka fito, kowa da walkinsa da layunsa. Ummaru ya ɗaure gwiwar da fata. Inusa ya gani, ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Ban taɓa ganin sun kama irin ta jiya ba. Ummaru ya san ba shi da dogon lokaci, ya shiga da ƙarfinsa duka. Sau biyu yana cira Lawali sama, ƙafafunsa na lilo, sau biyu Lawali na sauka a tsaye. Ina ta cewa a zuci, ya Allah Ummaru, ya Allah Ummaru. Na rantse abin da nake faɗa ke nan. A na uku Ummaru ya samu ƙugu, ya tattaro shi, fili duka ya miƙe. Sai Lawali ya saki jiki kamar ya ba da kai, ya zura ƙafa ta ciki, ya juya. Bai ko nufi gwiwar mai ciwo ba, ta lafiyayyar ya bi. Abu ne da ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba. Ummaru ya tafi da baya, ƙasa ta amsa.

Ban san sanda na tashi ba. Na tsinci kaina a tsakiyar fili, hulata a hannu, ina kirarin Lawali da iyakar muryata, ina tsalle. Na jima a haka. Da na waiwaya, Inusa na zaune a tabarma shi kaɗai, yana kallona.

Na dawo na zauna. Ya ce, "Kai, wannan kaye. Ko ni na so in tashi." Ya dafa kafaɗata. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ummaru ya tashi da ƙyar, Lawali na tallafe da shi. Ummaru ya ɗaga hannu ganguna suka tsaya. Ya kwance layun damtsensa ɗaya bayan ɗaya, ya kwance walki, ya ajiye a gaban Cha'ibu. Kowa ya san ma'anar wannan. Ya gode wa jama'a, ya ce ƙafa ta ce ya isa. Lawali ya rufe fuska da hannu. Mutane na kuka, na Tsauni da na Ɗan Barto duka.

Ummaru ba zai ƙara kamawa ba. Babu ramuwa, bana ko baɗi.

Na ce wa Inusa to ai magana ta mutu, tunda babu wanda zai rama. Malam Hamisu ya zo da kansa ya faɗa masa haka, Cha'ibu ya ce zai fasa gangar in ya so. Inusa ya saurare mu duka da ladabi. Ya ce da Ummaru ya rama, da ya dawo da kansa a sama. Yanzu in ya kwana, tausayi ne ya kwanar da shi, kuma a garin nan za a yi ta nuna wa ɗansa shi da baki. Ya shiga gida ya ɗauki yaron, wannan karon bai yi kuka ba. Kafin a kira magariba ya kama hanyar Ɗan Barto a ƙasa, ya ce can zai jira kamyo.

Na raka shi har bayan gonaki. Mun yi zancen kayen nan duk hanya, don shi kaɗai za mu iya yi.

Lahadi, 27, bayan azahar

'Yan goro sun kawo mini goron barka, ƙwarya guda. Na karɓa na yi godiya.

Talata, 29, da la'asar

Ladi ta bi mijinta. Ta bar mini makullin rumbu, ta ce in ci geron kada ya lalace. Na kai mata kaya tasha, na samar mata wuri a gaba kusa da shofer saboda yaron. Ban san tun yaushe ta shirya ba, komai a ɗaure yake tsaf. Na tambaye ta wa ya fara kawo mata labari ranar Juma'a, tunda ba ta je filin ba.

Ta gyara goyo, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ba wanda ya kawo, Yaya. Ina tsakar gida na jiyo muryarka, ta fi ta kowa. A nan na tashi na fara naɗe tabarma."

Kamyo ya tashi. Na tsaya har na daina jin ƙararsa, sannan na koma rumfa, akwai rigar Alhaji da ban gyara ba.